Taurarin da Suka Fita Zakka: Martani Daga Misfala

Wani baƙonmu da ya zo Umara daga Kano ne ya bar wata mujalla a ɗakina a unguwar Misfala ta Makka. Sai bayan ya koma gida na buɗe ta, na tarar da maƙalar wani Malam da nake girmamawa a kan masu nazarin taurari. Na karanta ta sau biyu a daren, washegari kuma na karanta wa abokan hira a inda muke shan shayi bayan isha'i, a wani lungu da ke bayan titin Ibrahim Khalil. Mafi yawansu sun ce Malam ya yi daidai. Ni kaɗai na ce ban gamsu ba, suka ce to in na isa in rubuta. Ga shi na rubuta.

Allah gafarta Malam, ba raini ya sa ni ɗaukar alƙalami ba. Na amfana da rubuce-rubucenku a kan tsarki da gado tun ina ɗalibi a Zariya, kuma har gobe in mas'ala ta shige mini duhu a wannan fage ku zan nema. Amma wannan karon kun taka gonar da na ɗan yi noma a cikinta.

Ga abin da Malam ya ce, a taƙaice. Ba wanda ya taɓa zuwa tauraro ya ɗebo wani abu nasa ya kai ɗakin gwaji, don haka duk mai cewa tauraro kaza yana ɗauke da ƙarfe ko zaiba shaci-faɗi yake yi. Ya ƙara da cewa masanan da bakinsu suka kama kansu: sun ce taurari duk haɗinsu ɗaya ne, sai kuma suka dawo suka ce ga wasu da haɗinsu ya saɓa, suka laƙaba musu sunan taurari masu baƙon haɗi don su rufe kunyar lissafinsu da ya rushe. Daga ƙarshe ya ce wannan kutse ne cikin gaibu, ƙanin duba ne da aka sa wa kwat. Abin da ya tunzura shi, kamar yadda ya bayyana, wani labari ne da ya ji cewa an gano tauraron da ke ɗauke da sinadaran bam na nukiliya, har wasu na cewa wasu halittu ne suka zuba su. A kan wannan labarin ina tare da Malam, kuma zan dawo kansa. A kan sauran ne muka raba hanya.

Bari mu fara daga kasuwar gwal, tunda a Makka muke. Hajiya za ta shiga shago da tsohuwar sarƙarta tana son ta canja. A da, mai shago zai goga ta a baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, ya duba. Yanzu manyan masu sayen tsohon gwal suna da wata na'ura da ba ta wuce ƙaramin akwati ba. A sa sarƙar a ciki, na'urar ta haska mata wani haske da ido ba ya gani, ƙarfen ya mayar da nasa hasken, cikin daƙiƙoƙi allo ya nuna: gwal kashi 87.5 cikin ɗari, wato mai lamba 21, sauran tagulla da azurfa. Ba a narka sarƙar ba, ba a gutsure ta ba. Haske kawai aka karanta. Ban taɓa ganin hajiyar da ta ce wa mai shago ya shiga gaibu ba. Sai dai ta yi ciniki.

Dalilin da ya sa wannan ke yiwuwa shi ne kowane sinadari yana da launukan hasken da yake fitarwa da waɗanda yake haɗiyewa, nasa ne shi kaɗai kamar zanen yatsa. Duk matar da miya ta taɓa zubo mata a kan murhun gas ta ga harshen wutar ya koma rawaya. Gishirin miyar ne. Duk wanda ya ga 'yan gwangwan suna ƙona waya don su cire tagulla ya ga wutar tana kore. Malaminmu Kamaluddin al-Farisi, wanda ya yi sharhin littafin Ibnul Haisam a kan gani, ya cika ƙwallon gilashi da ruwa wajen shekaru ɗari bakwai da suka wuce, ya nuna yadda farin haske ke rarrabuwa ya zama bakan gizo. A 1814 wani maƙerin gilashi Bajamushe, Joseph Fraunhofer, ya baza hasken rana ta wannan hanya da kayan aiki masu kyau, sai ya ga bakan ba a shafe yake ba, akwai siraran baƙaƙen layuka a cikinsa. Ya ƙirga sama da 500, bai san ma'anarsu ba. A 1859 Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen a Heidelberg suka gano sirrin: kowane layi sawun wani sinadari ne da ya haɗiye nasa launin kafin hasken ya baro rana. Layin da gishiri ke yi a fitilar ɗakin gwajinsu, shi ne a daidai gurbinsa cikin hasken rana.

Abin dariya a nan shi ne hujjar Malam ba sabuwa ba ce, kuma ba ta malaman Musulunci ba ce. Wanda ya shahara da ita Bafaranshe ne, Auguste Comte, mutumin da ya ɗauki addini a matsayin matakin ƙuruciyar hankali. A 1835 ya kawo haɗin taurari a matsayin misalin abin da ɗan Adam ba zai taɓa sani ba. Ya mutu a 1857, saura shekara biyu aikin Heidelberg ya fito. Ban so Malam ya zama shi ne magajin wannan mutum ba.

Malam zai iya cewa: to, wa ya tabbatar cewa karatun nan daidai ne, tunda ba a je ba? An tabbatar, ba sau ɗaya ba. A 1868, shekarar da aka yi husufin rana da aka kalla daga Indiya, an ga wani layi rawaya a hasken gefen rana da bai dace da kowane sinadarin da aka sani ba. Norman Lockyer na Ingila ya ce sabon sinadari ne, aka sa masa suna hiliyam daga sunan rana a Girkanci. Masana haɗa sinadarai da yawa suka yi masa kallon mai ƙanzon kurege. Shekara 27 bayan haka, a 1895, William Ramsay ya fitar da wata iska daga wani dutsen ma'adini, ya duba haskenta, ga layin nan rawaya. Yau da hiliyam ake cika balan-balan ɗin yara, da shi ake sanyaya na'urar hoton ƙwaƙwalwa a manyan asibitoci. An karanta shi a sama kafin a riƙe shi a ƙasa. Sannan akwai duwatsun da ke faɗowa daga sama, irin wanda ya faɗi a Zagami ta ƙasar Katsina a 1962. Wani nau'insu, kamar wanda ya faɗi a Ivuna ta Tanzaniya a 1938, ragowar kayan da aka gina rana da duniyoyinta ne, kusan ba su sauya ba. An niƙa su an auna a ɗakin gwaji, an gwada da abin da aka karanta daga hasken rana, kuma in aka cire iskoki masu saurin tsira, ƙarfe da kalsiyam da sauransu sun zo kusan kai da kai. Wannan shi ne ɗebowar da Malam yake nema. Allah ne ya aiko da ita har gida.

Yanzu ga inda na fi son mu daɗe, wato zancen cewa taurarin da suka fita zakka sun tona asirin masana. Ni a ganina su ne babbar shaidar cewa aikin na gaskiya ne. Maƙaryaci abin da yake so yake gani. Boka ba ya buga ƙasa ta gaya masa abin da zai kunyata shi. Na'urar da ke fito maka da sakamakon da ba ka zata ba, wanda zai hana ka barci shekara saba'in kana neman dalilinsa, ba son zuciyarka take karantawa ba.

Gaskiya ne an ce taurari haɗinsu kusan ɗaya ne. Cecilia Payne ce ta nuna haka a Harvard a 1925: mafi yawan jikin tauraro haidurojin ne da hiliyam. A rana, in aka bi nauyi, wajen kashi uku cikin huɗu haidurojin ne, wajen kashi ɗaya cikin huɗu hiliyam, duk sauran sinadarai a haɗe ba su kai kashi 2 cikin ɗari ba. Wannan magana tana nan daram, kuma taurarin da muke zance a kansu ba su rushe ta ba. Su ma yawancinsu haidurojin da hiliyam ne. Saɓanin yana cikin ɗan ragowar nan ne, kamar a ce tuwon kowa na dawa ne amma gidan wane sun cika kanwa. Kuma ba daga baya aka ƙirƙiro su don gyara lissafi ba. Tun 1897, kafin a haifi Payne, Antonia Maury ta lura cewa layukan wani tauraro da ake kira Cor Caroli ba su bi tsarin 'yan'uwansa ba. An san da su kafin a san ƙa'idar da suka saɓa wa.

Ba kuma wasu ɓoyayyun taurari ba ne a ƙarshen sama. Wanda ya fi kowane tauraro haske da dare, Shi'ira, wanda aka ambaci sunansa a Suratun Najmi, yana cikinsu. A nan Misfala, inda fitilun otal-otal da koren hasken agogon Makka suka shafe mana sama, har Kaza da 'Ya'yanta sai mutum ya yi da gaske yake hango su, Shi'ira yana cikin 'yan kaɗan da ke fitowa fes a lokacin sanyi. Haskensa yana shekara takwas da 'yan watanni a hanya kafin ya iso mu. In aka baza hasken, ƙarfen da ke fuskarsa ya ninka na rana wajen sau uku. Haka na farko a wutsiyar Banatu Na'ash, wanda littattafan Turawa ke kira Alioth, sunan da suka aro daga Larabci suka lanƙwasa: sinadaran fuskarsa ba a baje suke ba, tabo-tabo suke, shi ya sa layukansa ke ƙaruwa su ragu duk kwana biyar da ɗan abu yayin da yake juyawa. Suratul Faras kuma, wanda suke kira Alpheratz, zaiba da manganis ne suka yi masa yawa, zaibar ta ninka ta rana dubbai. A 2007 wasu masana ƙarƙashin Oleg Kochukhov na Uppsala suka buga sakamakon shekara bakwai suna bibiyarsa, suka nuna cewa tabon zaibar yana sauya wuri a hankali kamar gajimare.

Mene ne dalili? An yi ta kai-kawo. A 1947 Horace Babcock ya nuna cewa wasu daga cikin waɗannan taurari suna da maganaɗisu mai ƙarfin gaske. Ɗaya da ya auna daga baya ya ninka na duniyarmu sau dubu sittin da wani abu. Amma maganaɗisu shi kaɗai ba ya haifar da zaiba. Amsar da ta zauna ta zo a 1970 daga Georges Michaud, ɗan Kanada, kuma duk wadda ta taɓa yin gasara za ta gane ta kafin farfesa. In aka tace ƙullu aka ajiye shi ba a taɓa ba, gasara ta kwanta a ƙasa, ruwa ya taso sama, dusa mara nauyi ta yi iyo. In ana motsa shi da ludayi kuwa, ko'ina ka ɗiba abu ɗaya ne. A cikin tauraro ma abu biyu ne ke ja-in-ja a kan kowace ƙwayar sinadari: nauyi yana jan ta ciki, hasken da ke ɓullowa daga tsakiya yana tura ta waje. Sinadarin da ke haɗiye haske da yawa, irin zaiba da manganis da ƙarafan nan masu wuyar samu, haske yana ɗaga shi ya taru a fuska. Wanda ba ya kama haske sosai a wannan zafi, irin hiliyam, sai ya nutse. Wannan tacewa tana bukatar natsuwa. Rana ba ta samun ta, domin samanta kullum tafasa yake kamar tukunyar da ke kan wuta. Yawancin fararen taurari masu zafi su ma ba sa samu, domin juyawa suke da gudun da ya wuce kilomita ɗari da hamsin a daƙiƙa, juyin yana dama su. Sai wanda wani abu ya taka wa birki, ko abokin zagaye ko maganaɗisu, shi ne ke kwantawa.

Ga inda za a gane bambancin ilimi da shaci-faɗi. In bayanin Michaud gaskiya ne, dole a tarar taurarin nan masu jinkirin juyi ne. Haka aka tarar. Shi'ira, alal misali, gudun juyinsa bai kai kilomita ashirin a daƙiƙa ba. Dole kuma a tarar ba a samun irin wannan a taurari masu tafasasshen sama kamar rana. Haka aka tarar. Maganar da za a iya kamawa da ƙarya, aka neme ta da ƙaryar ba a samu ba, ta wuce a kira ta rufe kunya.

Mu koma shagon gwal, domin akwai abin da na ɓoye. Na'urar nan tana da rauni ɗaya da duk mai shago ya sani: fatar ƙarfe kawai take karantawa. In aka kawo awarwaron tagulla da aka yi wa ruwan gwal mai kauri, za ta iya cewa gwal ne. Shi ya sa gogaggen ɗan kasuwa yake ɗan kankare gefe, ko ya auna nauyi. Da Malam ya kama masana ta nan, da ya kama su da kyau, domin hasken tauraro ma daga fatarsa yake fitowa. To amma su ne suka fara faɗa. Abin da bayanin Michaud yake nufi ke nan: Suratul Faras ba curin zaiba ba ne, ruwan zaiba aka yi masa. Akwai ma wani a cikin wannan dangi, Chi Lupi, da madubin Hubble ya bincika a shekarun 1990, aka ga gwal da filatinam a fuskarsa sun ninka na rana dubbai. Da na faɗi haka a wurin shayi, wani abokinmu mai kai alhazai kasuwa ya ce a ba shi adireshi. Na ce ya yi haƙuri, shafe ne.

Ba duka masu baƙon haɗi ne shafe ba, kuma a nan akwai labarin da na fi so. Sinadari mai lamba 43, teknishiyam, an daɗe ana neman sa a duwatsun duniya ba a samu ba, sai a 1937 aka gano shi a Palermo ta Italiya cikin wani guntun ƙarfe da aka sarrafa a na'ura. Dalilin rashinsa shi ne ba ya daɗewa: nau'insa mafi tsawon rai rabinsa yana ruɓewa cikin shekara miliyan huɗu da 'yan kai, abin da ba komai ba ne a shekarun duniya. A 1952 Paul Merrill, a Kalifoniya, ya ga layukansa a hasken wasu tsofaffin jajayen taurari da suka yi dubban miliyoyin shekaru. Kamar ka shiga kangon da aka ce an yi shekara ɗari ba kowa, ka tarar da tuwo yana tururi. Ba makawa akwai mai girki a ciki. Wannan ne ya zama hujja ta zahiri cewa taurari suna ƙera sinadarai masu nauyi a cikinsu, su kwaso su zuwa sama. Merrill bai fita neman wannan ba, kuma ba shi da wata ƙa'ida da yake karewa. Abin da farantin hotonsa ya nuna ya faɗa.

Wasu kuma gado suka ci. A 1951 William Bidelman da Philip Keenan suka ware wasu taurari da bariyam ya yi musu yawa, alhali ba su kai shekarun da za su ƙera shi da kansu ba. Kusan shekara talatin abin yana ɗaure kai. A 1980 Robert McClure da abokan aikinsa a Kanada suka auna motsinsu, suka ga ashe suna da abokan zagaye da ba a gani, gawarwakin taurari ne da suka riga su tsufa, suka zubo musu kayan cikinsu kafin su mutu. Malam masanin gado ne, ya san dukiya a hannun yaro ba ta nuna shi ya tara ta.

Yanzu ga tauraron da ya fusata Malam. Yana nan da gaske. Wani masani ɗan asalin Folan da ke aiki a Ostareliya, Antoni Przybylski, shi ya gano baƙuntarsa a 1961, kuma da sunansa ake kiran sa. Yana can kudu, tafiyar haske ta shekara ɗari uku da hamsin da wani abu. Daga Makka yana ɗagowa sama da kafaɗar duwatsu, daga Kano ya fi haka, amma ido ba ya ganin sa sai da madubi. Ƙarfensa ya gaza na rana, amma ƙarafa masu wuyar samu irin holmiyam sun ninka na rana dubbai, layukansu sun cika bakan har sun hau kan juna. A 1978 Donald Kurtz ya gano cewa haskensa yana bugawa kamar zuciya duk minti goma sha biyu. Wannan duk tabbatacce ne. Abin da ba tabbatacce ba shi ne iƙirarin da wasu masana suka buga cewa sun ga sawun sinadarai masu gajeren rai irin fulutoniyam a cikinsa. Inda layuka dubbai suka cakuɗe, da yawansu ba a ma gama tantance na wane sinadari ba ne, abu ne mai sauƙi mutum ya ga fuskar da ya sani a cikin taron da ba ta ciki, kamar mai neman ɗan'uwansa a Jamarat. Masana da dama ba su karɓi iƙirarin ba. Zancen wasu halittu kuwa, na masu neman a saurare su ne. Da Malam ya tsaya a nan, da na sa hannu a ƙarƙashin maƙalarsa.

Kuma ba yau masana suka fara kuskuren karatu ba. A 1864 William Huggins ya ga wasu korayen layuka a hasken gajimaren sama, aka ce sabon sinadari ne, har aka raɗa masa suna nebuliyam. Shekara sittin da uku ana ambatonsa, sai a 1927 Ira Bowen ya nuna oksijin ne kawai a yanayin da ba a saba gani a duniya ba. Haka wani da aka zata sabon sinadari ne a rawanin rana, aka raɗa masa koroniyam, ya zama ƙarfe ne da zafi ya yi wa tsirara. Akwai ma masu baƙon haɗin da bayanin Michaud bai ɗauke su ba, irin Nasrul Waƙi'i, wanda Turawa suka taƙaita zuwa Vega, da ke juyi da gudu amma ƙarfensa ya yi ƙaranci. Ana tattauna dalilinsa har yanzu. Amma Malam ya duba wa ya gyara kurakuran nan da kuma da me. Da wannan karatun hasken dai aka gyara su, aka ƙara masa kyau. In mai awo ya yi kuskure, wani mai awon ne ke kama shi da mudu mafi daidai. Ba a cewa daga yau an daina awo a kasuwa.

Saura zancen gaibu, kuma a nan da ladabi zan yi magana domin gidan Malam ne. Malamanmu sun daɗe da raba ilimin taurari gida biyu: wanda ake danganta wa taurari tasiri a kan arziki da aure da mutuwa, wanda suka hana, da wanda ake bin tafiyarsu don sanin alƙibla da lokaci da yanayi, wanda suka halatta. Da na biyun Larabawan nan suke jiran ɓullowar Suhailu a ƙarshen Agusta su ce zafi ya fara karyewa, da shi manoman ƙasarmu suke duban Kaza su san damina ta kusa, da shi kakanninmu suka ratsa Sahel da ƙafa har suka iso wannan gari, wasunsu jikokinsu ne maƙwabtana. A saman hasumiyar agogon nan mai tsawon mita 601, wadda take leƙen Ka'aba, akwai gidan tarihi da aka cika da bayanin rana da wata da taurari da auna lokaci. Auna ƙarfen Shi'ira ba ya gaya wa kowa ranar aurensa ko ta mutuwarsa. Hasken da ya baro tauraro, ya yi tafiyarsa, ya shigo idonka ko madubinka, ya riga ya zo hannu. Abin da ya zo hannu kuwa ba gaibu ba ne. Shafukan buruji da 'yan matanmu ke karantawa a waya, masu cewa wai 'yar watan kaza za ta haɗu da masoyi a wannan mako, su ne suka cancanci sandar Malam, kuma masana taurari sun fi kowa ƙyamarsu.

Abin da ya fi damuna shi ne yaran da za su karanta maƙalar. Akwai yarinya a Katsina ko Maraɗi da ke son kimiyya, mahaifinta yana girmama Malam kamar yadda nake girmama shi. In ya karanta cewa wannan fanni ƙanin duba ne, ya gama yanke mata hukunci. Ga shi kuwa da wannan karatun hasken ake gano dalma a jinin yara, irin bala'in da ya auka wa ƙauyukan masu haƙar zinare a Zamfara a 2010, da shi ake gwada ruwan rijiya da takin zamani da maganin jabu.

An ce mini Malam yana da niyyar Umara a Rajab. Lokacin sanyi ne a bana, Shi'ira zai fito da wuri ta kudu maso gabas. Ina roƙon ya ba ni dare ɗaya. Za mu fara da shagon wani abokina mai gwal, Malam ya sa zoben azurfarsa a na'ura ya ga abin da za ta ce. Daga nan mu hau soron gidanmu; ina da tsohon faifan CD da kwalin takalmi da na huda, in aka duba fitilar ƙwai mai zare ta cikinsa sai a ga bakan gizo a shafe, in aka juya ga doguwar farar fitila sai a ga ya tsinke layi-layi, koren cikinsu na zaibar da ke cikin kwalbar ne. In da sauran ƙarfi, mu ɗauki mota mu bi hanyar Hada zuwa Ɗa'if, inda sama take da duhu, in nuna masa Suratul Faras kafin ya faɗi. Shayi da mutabbaƙ a wuyana. Malam dai ya taho mana da daddawa, ta nan ba ta da ƙamshi.